Shekarar da Na Kifar da Kunun Kanwa

Na san abin da ake faɗa muku. Kun taso kun tarar ba ma ga maciji da Goggonku Hansai, yayar babanku, har ta koma ga Allah, kuma duk wanda kuka tambaya sai ya ce muku ai Dije ce ta kifar mata da ƙwaryar kunu a gaban jama'a. Gaskiya ne, na kifar. Ban taɓa musu ba, ba kuma zan fara yanzu da furfura ta cinye kaina ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake gutsure labarin, a ɗauki ƙwaryar a bar abin da ke cikinta. Kwanan nan a wani gidan suna na ji wata yarinya, wadda ko goyo na biyu ba ta yi ba, tana raɗa wa 'yar'uwarta cewa ga tsohuwar nan mai baƙar zuciya da ta raba gidan Malam Ilu biyu. Na yi kamar ban ji ba. Da na dawo gida na sa aka sayo mini kaye, wato littafin rubutu, da alƙalamin bik, na zauna rubutu. Bokon da na koya a makarantar manya bai taka kara ya karya ba, amma zai ishe ni wannan. Ku karanta dukanku. Kai ma Lawali ka karanta har ƙarshe, don kai ka fi kowa rabo a ciki.

Kafin wannan shekarar, in aka ce Dije mai wanka, daga ƙauyenmu har Mallawa an san wadda ake nufi. Wurin mahaifiyata na gaji wankan jego. Mace ta haihu, a aiko a ɗauke ni, in dafa ruwa har ya yi tafasa uku, in tsoma ganyen dogon yaro in riƙa fyaɗa mata safe da yamma har kwana arba'in. In hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa ta kwanta a kai. Sannan kunun kanwa, wanda da shi na yi suna: gero surfaffe, citta, masoro, kanumfari, da jar kanwa mai kyau, a dama shi da kauri ta sha tana gumi. Abin da aka koya mana shi ne haihuwa tana buɗe jikin mace, sanyi ya samu ƙofa. In ka ga mai jego ta fara kumburi, to sanyi ne ya shige ta, maganinsa kuwa a ƙara wuta, a ƙara zafin ruwa, a ƙara kanwa. Haka uwata ta ji daga uwarta. Ban taɓa tsayawa na tambaya ba, kuma hannuna bai taɓa rowar kanwa ba, har alfahari nake yi da hakan.

Lawali, ka san mahaifiyarka Balki ƙanwata ce, ciki ɗaya. Uwarmu ta riga ta rasu lokacin da ta yi cikinka, don haka wurina ta zo wankan gida. Ta haife ka lafiya, aka yi suna, aka ci ƙauri. A mako na uku ƙafafunta suka kumbura, tari ya kama ta, ba ta cika arba'in ba aka kai ta makwancinta. Aka ce raguwa ce, tana tsoron ruwan zafi, tana zubar da kunu a bayan ɗaki, shi ya sa sanyi ya ci ta. Haka garin nan ya faɗa, haka ka taso kana ji. Na goye ka a bayana, na haɗa ka da nawa 'ya'yan, maganar kuma aka rufe ta shekara kusan ashirin.

Sai yayarku ta yi cikin fari. Ku kuna ce mata Yaya Saude. Ni kuwa 'yar farina ce, kun san al'ada, ba na kiran sunanta, ba na zama da ita a tabarma ɗaya, ko dariya ba na yi mata a gaban mutane. "Yarinyar nan" nake cewa, ko "'yar gidan Goggo". Da cikin ya tsufa mijinta ya kawo ta daga Bande goyon ciki, ana tsakiyar yankan gero. Ni da na wanke matan gari kaf, ba ni da ikon wanke tawa, don kunyar ɗan fari. Wannan aikin Goggonta ne. Hansai ta kwaso kayanta ta tare a gidanmu, ni aikina faskare da ɗebo ruwa da kallo daga nesa. Kada ku ce na faɗi sharri a kan matacciya: Hansai tana son yarinyar nan kamar ranta. Duk 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu, Saude ce ta cike mata gurbin. Da kanta ta je kasuwar Mallawa ta zaɓo kanwa, ta ce 'yarta ba za ta sha ta banza ba.

Aka haifi mace, aka yi suna, komai lafiya. A mako na uku ne na lura takalmin robarta ya daina shiga ƙafarta. Daga ɗaki zuwa makewayi taku nawa ne, amma sai ta tsaya sau biyu ta dafa bango tana haki. Ba ta iya kwanciya miƙe, sai dai ta jingina da ɗaurin gero ta yi gyangyaɗi a zaune. Ga wani busasshen tari. Wata safiya Hansai ta zagaya, na faki ido na shiga ɗakin kamar mai neman tsintsiya, na danna babban yatsana a ƙaurinta. Ramin ya zauna, bai ciko ba. Na taɓa ganin wannan ramin a wata ƙafa. Da Hansai ta dawo na ce mata,

"Yaya, kin ga ƙafar yarinyar nan kuwa?"

"Na riga ki gani. Sanyi ne. Daga yau kunun sau uku za ta sha, na kuma ƙara kanwa."

"Da dai an kai ta likita a duba."

"Mai jego ta fita kafin arba'in? Dije, ke da kike koya wa mutane? Ko don taki ce kika ruɗe? Ki ji kunya mana."

Na ji kunyar, na yi shiru kwana biyu. Wannan kwana biyun har yau ina jin haushin kaina a kansu. A na uku fuskarta ma ta hau, idanun suka shige ciki, ta kasa ba jaririya nono sai ta huta a tsakani. Na sami babanku a zaure yana gyaran igiyar amalanke. Ku kun san shi, mutum ne mai gudun magana, in rigima ta taso ta gabas sai ya bi ta yamma.

"Malam, yarinyar nan za ta mutu."

"Subhanallahi. Wannan sha'anin mata ne, ga Yaya nan a kai."

"Haka aka ce da ta Balki. In ba za ka ɗaura sa ba, zan goya ta a bayana in bi hanyar Mallawa, kowa ya gan ni."

Ya dube ni ya ga ba wasa nake ba. Ya tashi ya ɗaura sa. Wannan shi ne abu ɗaya da ya yi a duk rigimar, kuma ba zan danne masa shi ba. Muka shimfiɗa mata tabarma a amalanke, Hansai tana tsaye a ƙofar gida tana cewa in iska ta buge ta alhakin a wuyanmu. A likitar Mallawa, majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya auna tansiyonta don duba hawan jini, ya sa abin sauraro a ƙirjinta da bayanta, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Ya rubuta takarda ya ce mu nemi mota mu wuce Magarya a ranar, kada mu bari sai gobe.

A Magarya wata likita muka samu, mace, ba ta wuce sa'ar ƙanwar bayana ba. Ta duba, ta sa aka ɗauki hoton ƙirji, aka ba Saude gado aka yi mata allura. Sannan ta kira ni gefe ta tambaye ni abin da mai jegon ke ci. Na gyara zama, don an zo fagena. Na lissafa mata tuwo da miya mai yajin jego, da gasasshen nama da aka barbaɗe da gishiri, da romon ƙauri, da kunu sau uku. Ina faɗa ina jin kai, a zatona yaba mana za ta yi.

"Kanwar kamar yaya ake sakawa, Inna?"

Na dunƙule hannuna na nuna mata. Ta daɗe tana kallon hannun.

"Inna, 'yarki ba sanyi ke damunta ba, zuciyarta ce ta raunana. Yakan faru ga wasu mata bayan haihuwa, ba laifin kowa ba ne. Ki ɗauki zuciya kamar mai jan ruwa a rijiya, dare da rana ba ta sakin igiya. Tata ta gaji. Kanwa da gishiri kuma riƙe ruwa suke yi a jiki. Duk ludayin da ta sha, kun ƙara wa gajiyayya nauyin guga. Ruwan da ta kasa ja shi ne ya taru a ƙafa, shi ne ya hau huhu take tari."

"Amma likita, mata nawa na ba kunun nan suka tashi garau?"

"Waɗanda zuciyarsu ke da ƙarfi sukan ɗauka, ko da yake su ma ba alheri yake yi musu ba. Wadda tata ta raunana kuwa, in ta kumbura aka ce sanyi ne aka ƙara mata, kin ga inda za a je."

"To da mun ci gaba fa?"

Cewa kawai ta yi mu gode wa Allah da muka zo. Na fita na zauna a gindin wata bishiya a harabar, ina kuka. Babanku ya zo ya tsaya a kaina yana tambaya ko wani abu aka ce game da yarinyar, na ce masa a'a, za ta tashi. Ba ita nake wa kuka ba a lokacin, amma ban gaya masa ba.

Kwana tara muka yi. Magani ya sa ta riƙa fitsari kamar an buɗe tulu, kumburin ya saɓe, ta fara kwanciya a gefenta. Ranar sallama likitar ta jera mini dokoki tana ƙirgawa a yatsu, ta sa na maimaita mata kamar 'yar lakwal, wato makarantar boko. Ƙwayoyin magani kullum, ko ta ji sauƙi kada a daina sai an dawo an duba. Ba kanwa, ko ta cikin wake, ko ta cikin miya. Gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka tsinta a tukunya guda, in an iya bari ma ya fi. Ba dunƙulen miya, don shi ma gishiri ne a naɗe. Ba kitse, ba soye-soye, man shanu a ɗaga masa ƙafa. Ganye da wake da gero da kifi da 'ya'yan itace ta ci ta ƙoshi, don tana shayarwa. Wanka da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, gadon wuta kuma a bar shi. Ta ce magani shi kaɗai ba zai yi ba in tukunya tana warware abin da ya ɗaura.

Da muka dawo na raba tukunya, na ajiye kunya a gefe na karɓi girkinta. Kada ku ɗauka abu ne mai sauƙi. Mace mai shekaruna ta koma koyon miya. Wake ba kanwa sai ka jiƙa shi tun jiya, ka ci itace kamar mai dafa ƙafar sa. Miyar kuka ta farko da na kaɗa ba kanwa ba dunƙule, ni kaina da na ɗanɗana sai da na yamutse fuska. A hankali na gano hanya. Na yawaita albasa da tafarnuwa da citta, na sa daddawa kaɗan, na bar tsamin yakuwa da tumatir su yi aikin gishiri. Kunu na koma na tsamiya. Zogale nake dafawa in kwaɗa da ƙulin da na yi da hannuna, don na kasuwa gishiri ne zalla. Busasshen kifi sai na jiƙa shi na zubar da ruwan sau biyu. In an yanka kaza, in saɓule fatar in dafa tsokar da kabewa. Ga yalo, ga gwaba, ga kankana in an kawo kasuwa. Duk da haka kwanakin farko sai ta tsoma hannu sau uku ta janye.

"Inna, lami ne. Ba ya wucewa."

"Matso da kwanon."

Na wanke hannu na zauna muka ci tare, ni da 'yar farina, kwano ɗaya, a tsakar gida. Abin da ban taɓa yi ba tun da na yaye ta. Na ce in lami ne mu sha lamin tare. Cikin mako guda harshenmu ya saba, har miyar gida ta fara yi mana ɗaci don gishiri. Ita kuma ta fara share ɗakinta ba haki, nono ya wadata, jaririya ta yi ɓul-ɓul.

Kuna tsammanin gari zai ce barka? Matan da na wanke da hannuna, waɗanda na kwashe musu jini ban taɓa tona asirin ko ɗaya ba, su ne suka sa ni a bakin rijiya. Wai Dije ta je Magarya ta dawo baturiya. Wai ana ba mai jego abincin marasa gata, gidan Malam Ilu sun kasa sayen kanwa. Wai nonon da ba kanwa ruwa ne, yarinyar za ta tashi da ƙafafu kamar sillen kara. Wai dubi tsohuwar banza tana rawar jiki a kan 'yar fari kamar a kanta aka fara haihuwa. Babu wadda ta zo ta danna ƙafar ta ga ramin ya tafi. Ido na gani, baki na musu. Ita kuwa Hansai ba ta koma gidanta ba, tana nan a ɗakin baƙi ta zuba mana ido, ba ta cewa komai. Na ɗauka ta haƙura ne, ashe lissafin kwanaki take yi. A wurinta mai jego ta cika arba'in ba kanwa a cikinta, an bar ta a buɗe ke nan har abada, kuma saura kwana biyar.

Ranar da abin ya faru na tafi gona da safe tsinko yakuwa da ragowar wake. Na dawo da hantsi, tun daga zaure na ji ƙanshin. Hancina ba zai ɓata wannan ƙanshi ba ko a kabari. Na shiga na tarar da mata shida ko bakwai a tsakar gida, 'yan barka daga dangin mijinta na Bande da maƙwabta. Hansai tana zaune a tsakiya da sabuwar ƙwarya, kunun ya yi jawur don kanwa. Ta cika ludayi ta kai bakin Saude. Ita kuma yarinyar hawaye na zuba, ta buɗe baki. Me za ta yi? Yayar ubanta ce, ita ta raine ta, ga surukai suna kallo. Na ajiye kwandon.

"Yaya, likita ta hana."

"Likita ta haife ta? Da tsohuwar zuma ake magani, Dije. Kin yi naki kusan kwana ashirin na zuba miki ido. Saura kwana biyar, ki bar ni in rufe wa 'yata jiki."

"Kin ga yadda aka ɗauke ta a amalanke, kin ga yadda ta dawo."

"Allura ce ta kwantar da sanyin, yana nan a ɓoye. Mu da muka sha mun mutu ne? Ke da kika ba rabin garin nan, kashe su kika yi?"

Wannan maganar ce ta tsaya mini a ƙirji. Ba ta san inda ta taɓa ba. Wata daga cikin baƙin ta ce, haba Inna, ludayi biyu me zai yi, a bar Goggo ta fita hakkinta mana. Hansai ta sake ɗaga ludayin. Sai na ji bakina ya ce,

"Saude ba za ta sha ba."

Shekara ashirin da wani abu ban taɓa furta sunan nan ba, sai ranar, a gaban surukanta. Yarinyar da kanta ta ɗago ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Hansai ta ce, "Lalle kunya ta ƙare a duniya," ta kuma miƙa ludayin. Na taka na kama bakin ƙwaryar da hannu biyu na kifar da ita a ƙasa. Kunun ya malale har ƙarƙashin turmi, ya ƙona mini ƙafa, tabon yana nan a ɗan yatsana na hagu. Hansai ta miƙe a hankali, ta kakkaɓe zanenta, ta shiga ta ɗaure kayanta. A bakin zaure ta juyo ta ce ita da gidan nan sai dai a lahira, kuma ta cika maganarta.

Babanku ya dawo ya ce in je in ba ta haƙuri. Na ce zan ba da haƙurin ƙwarya, ba zan ba da na kunu ba. Na sayi sabuwar ƙwarya na cika ta da goro, na je har gidanta na durƙusa. Ta ce in faɗa a gaban mutane cewa ita ce da gaskiya. Na ce Yaya, ki ce in kwanta ki taka ni zan kwanta, amma wannan ba zan faɗa ba, don gobe wata za ta ji ta ɗura wa 'yarta. Ta sa aka mayar mini da goron. Sau uku ina komawa, duk sallah, sau uku ana mayarwa. Shi kuwa babanku, wanda ya ji bayanin likita da kunnensa, bai taɓa buɗe baki ya gaya wa yayarsa ko mazan gari abin da ya ji ba. Ya bar ni na sha zagin ni kaɗai. Bayan shekaru da tansiyo ya kama shi, majo ya hana shi gishiri da kitsen tsire, daga wannan tukunyar tawa ta lami ya ci har ƙarshen ransa, yana ci yana santi, bai taɓa cewa Dije ashe kin yi gaskiya ba. Allah ya jiƙansa, na yafe masa, amma sai da na rubuta.

Sana'ata ta mutu a shekarar. Na ce duk wadda zan wanke, da ruwa mai ɗumi ne, kununta na tsamiya ko na gyaɗa, in kuma na ga kumburi to sai likita. Aka daina aikowa. Wa zai kira mai wankan da ba ta sa kanwa? Sai jefi-jefi wata uwa ta biyo ta bayan gida, ta ce Dije zo ki danna mini ƙafar 'yata, amma kada ki ce na zo. Na je wa duk wadda ta kira, kuma ban faɗi sunan kowa ba, har da uwar yarinyar nan da ta kira ni mai baƙar zuciya a gidan suna. Da Hansai ta kwanta ciwon ajali na je, aka tare ni a ƙofa. Ta bar wasiyya kada Dije ta taɓa gawarta. Na zauna a waje da baƙi ina jin ƙarar ruwa ana yi mata wanka. Wannan ya yi mini ciwo fiye da duk zagin da na sha, don na so matar nan, ita ta karɓe ni ranar da aka kawo ni gidan nan amarya.

Ga Yayarku Saude nan da ranta a Bande, ta aurar da jaririyar da aka ce ba za ta taka ba. Har yau tukunyarta ba kanwa, gishirinta na yatsu biyu, tana zuwa awo in lokaci ya yi. In an ce in zaɓa tsakanin gaisuwar Hansai da wannan, kun san abin da zan zaɓa, ko sau nawa aka maimaita ranar. Amma ba don in wanke kaina kaɗai na sayi kayen nan ba. Laifi tudu ne, na daɗe ina taka nawa ina hango na Hansai. Ita ba ta ji bayanin likita ba, abin da aka koya mata ta yi. Akwai wadda ta yi abin da ta yi tun kafin ita, kuma babu wanda ya zo ya kifar mata da ƙwarya.

Lawali, uwarka ba raguwa ba ce. Ba ta taɓa gudun ruwan zafi ba, fatar bayanta har saɓulewa ta yi ba ta ce wayyo ba. Ba ta taɓa zubar da kunu a bayan ɗaki ba. Ranar zaman makoki wata tsohuwa ta ce ko dai yarinyar ba ta son wanka ne, mata suka juyo suna kallona, don ni ce mai wankan. Da na ce a'a, da an ce to hannun Dije ne bai iya ba. Sai na sunkuyar da kai na yi shiru, shirun nan ya zama shaida, aka ɗora wa matacciya laifi don sunana ya tsira. Ban san kanwa na cutar da ita ba, Allah ya sani, kuma kwananta ne ya ƙare. Amma na san ba ta ƙi sha ba, wannan na sani tun ranar, na bar ka ka girma ana ce maka ɗan raguwa. Ka gaya wa 'ya'yanka gaskiya, ka kuma yafe mini in za ka iya. Da ƙafarta ta kumbura ni na ƙara kanwar, da ta fara tari na sake ƙarawa. Safiyar ƙarshe ba ta iya ɗaga ludayi, ni na tallafe mata ƙwaryar. Ta sha tana hutawa, tana sha tana haki, har ta shanye. Sannan ta karɓi ƙwaryar da hannunta ta kifa ta a kan tabarma don in ga babu saura, ta ce mini,

"Yaya, kin gani, na shanye. Gobe zan ji sauƙi ko?"

Na ce mata eh.